Babur Mai Majingini

Na daɗe ina jin abin da ake faɗa a kan babur ɗin nan, a cikin gidana da wajensa, ban taɓa tanka wa kowa ba. Ba rashin abin cewa ba ne, gajiya ce. A shekarun da ya kamata in yi bayani, in na dawo gida abin da nake nema kawai wurin da zan miƙe bayana. Yanzu da na zauna, ido ya fara ja baya, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya kasance, ku 'ya'yana, musamman kai Lawal, tunda kai abin ya fi faɗa wa. Ba wanke kaina zan yi ba. Inda na yi daidai zan faɗa, inda son zuciya ya shiga shi ma zan faɗa.

Shekarar da nake magana a kanta, ban daɗe da ajiye aikin malamin gona ba. Na ƙare ƙuruciyata ina zagaya ƙauyukan Kusada a kan ƙaramin babur, ina nuna wa manoma tazarar shuka da lokacin sa taki, wasu su ji, wasu su bar ni in gama magana su ci gaba da yadda suka gada. Abin da na fito da shi daga aikin bai wuce gidanmu na Mawashi ba, da gonaki biyu, da shanun huɗa guda biyu, sai tsohon babur ɗin da ya tsufa tare da ni. Shanun a hannun Lawal suke. Tun suna maruƙa shi ya hore su, har in ya yi fito daga bakin ƙofa su miƙe tsaye. In damina ta faɗi ya yi mana huɗa, sannan ya fita ya yi wa mutane, da wannan yake riƙe da matarsa da ɗansu na fari. Ke Bilki kina gida lokacin, ba a kai ki ɗaki ba tukuna. Ƙannenku kuwa suna makarantar kwana, shi ya sa abin da suka sani duk ji ne.

Bayan an gama kaka ne ciwon ya kama Innarku. Da hantsi tana tankaɗe a tsakar gida, sai rariya ta suɓuce mata. Ta miƙa hannu ta ɗauka, hannun ya ƙi. Bilki ta kira ni, na shigo na tarar bakinta ya karkace, tana magana ba a ganewa. Muka kai ta asibiti a Kankia, aka ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin hagu. Ta yi kusan mako uku a kwance. Ranar da za a sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce abin da ya rage shi ne gashin ƙashi, wato a riƙa gasa mata gaɓoɓin ana motsa su, sau biyu a mako, kuma kada in yi wasa da watannin farko, domin in suka wuce gaɓoɓin suka sandare, to sai dai haƙuri. Na ce masa in sha Allahu. A raina ban ɗauke shi wani abu ba, tunda ni mutum ne da ya saba da hanya.

Hanyar kuwa ita ta fara karya mu. Mun gwada motar haya. Sai an fito da ita daga gida an kai ta bakin titi, a zauna jiran mota, in ta zo a ce a matsa, mutum huɗu a baya. Sai an ɗaga ta an cusa, direba yana danna ham, fasinjoji suna kallo, wani ya yi sannu, wani ya yi tsaki don an ɓata masa lokaci. Macen da ta yi shekara arba'in ba a ga ko ƙaurinta a waje ba, ga shi ana ciccibar ta a tasha zane yana zamewa. Shatar mota kuwa sau biyu a mako ba abin da ɗan fansho zai iya ba ne. Sai muka koma ƙaramin babur ɗina. Nan ma da matsala, don ba ta iya riƙe ni, kuma jikinta yana rinjaya zuwa hagu ba tare da ta sani ba. Ran farko saura kaɗan ta zame a wata kwana. Daga nan Bilki ta kawo dabara, a riƙa ɗaure ta da zane a jikina, a zagayo ta bayanta a ƙulle a ƙirjina. Haka muka yi wajen wata guda. Ina jin numfashinta a wuyana, ba ta cewa komai tun daga gida har Kankia.

Wata rana muka ratso Kusada ranar kasuwa, cunkoso ya tsayar da mu kusa da 'yan acaɓa. Wani daga cikinsu, na san ba da mugunta ya yi ba, bakinsa ne kawai ya riga hankalinsa, ya ɗaga murya ya ce,

"Malam Sada, yau goyo aka yi?"

Aka yi dariya. Ni ma, Allah ya yafe mini, na ɗan murmusa don abin ya wuce. Da muka dawo gida aka kwance ta aka zaunar a kan tabarma, ta jira Bilki ta shiga madafi, sannan ta ce da ni da bakin nan nata da bai gama miƙewa ba,

"Malam, na gama zuwa."

"Zuwa ina?"

"Ka san inda nake nufi. Na goya ɗiya shida, ban haihu don a goya ni cikin kasuwa ba. Ka bar ni nan. Abin da Allah ya rubuta shi za a yi."

"Hajara, likita ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Kuma kada ka faɗa wa yaran dalili, balle babban. Ka san zuciyarshi, sai ya je ya nemi mai maganar."

Kun san ba ta taɓa kiran sunan Lawal ba har ta koma ga Allah, babban take cewa. Na yi mata alkawari, na kuma riƙe shi fiye da yadda ya kamata. Abin da na gaya muku a lokacin shi ne likita ya ce ta ɗan huta. Ƙarya ce, ga shi yau na faɗa. Mako uku tana zaune a ɗaki. Kullum da safe in duba hannun, in ga yatsun suna ƙara lanƙwashewa cikin tafi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo yayarta daga Bauranya ta yi mata magana, duk ta kau da kai ta dubi bango.

A cikin mako na ukun ne na je Kankia sayen maganinta, na biya ta wurin Garba bakanike don ya duba mini birki. Garba ya yi shekaru yana gyara mini babur, mutum ne da ba ya ƙara wa magana gishiri. A can cikin rumfarsa na hango wani abu an rufe da tsohon tamfol, taya ta leƙo, faɗinta ya kusa na ƙaramar mota. Na tambaya, ya yaye mini. Babban babur ne irin wanda turawa ke yawon ƙasashe da shi, baƙi, fentin ya dushe, ga gilashi a gaba mai tare iska, ga akwatuna biyu a gefe. Amma abin da idona ya tsaya a kai shi ne wurin zaman baya. Kujera ce sosai, mai faɗi, da majingini da ya taso har tsakiyar baya, da ɗan abin ɗora hannu dama da hagu, da faffaɗan matakin ƙafa. Wanda ya zauna nan ko barci ya yi ba zai faɗo ba. Garba ya ce wani ɗan kasuwa ne ya sayo shi na hannu daga Kwatano, ya yi ta burga da shi shekara guda, da ya gaji da shan mansa ya kawo a sayar masa. Wata bakwai yana nan. Ɗan acaɓa ba ya so, manomi ba ya so, masu kuɗi kuma sabo suke nema.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Na tsaya ina tunanin Innarku, wannan gaskiya ne. Amma da Garba ya murɗa makulli injin ya tashi da wata murya mai kauri da na ji har cikin ƙirjina, wani abu ya motsa a raina wanda ba ruwansa da ciwon kowa. Shekara talatin ina bin bayan manyan motoci a kan abin da iska ke kaɗawa. Na so babur ɗin nan. Masu cewa tsoho ya sayi abin wasa ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Sai dai ba shi ke nan ba.

Garba ya lura da fuskata, ya kashe injin ya ce,

"Malam, bari in gaya maka aibinshi kafin ka so shi. Shina shan mai kamar ba gobe. Kayanshi babu su nan, sai an aika Kano, wani lokaci can ma a rasa. Kuma nauyi gare shi. In ya faɗi, kai ɗaya ba ka tada shi."

"Injin fa?"

"Injin lafiya lau, ni na buɗe shi. Ba ya hayaƙi, ba ya cin baƙin mai. Tayar baya ce ta kusa, sai batir. Amma halan mi za ka yi da wannan a Mawashi?"

Na gaya masa. Shi ne mutum na farko da na gaya wa. Ya goge hannu da tsumma, ya ce ko keke mai ƙafa uku ba zai fi ba. Na riga na yi wannan tunanin. Keke ya fi tsada nesa, ga jijjiga a kan burji, kuma yashin da ke hanyarmu in damina ta yi nisa ba ya barin sa ya wuce. Ya gyaɗa kai ya ce to kada in yi ciniki sai mai zaman ta zauna ta ji.

Shawo kanta ta zo ta gani ya ɗauke ni kwana huɗu. Na ce mata sau ɗaya ne, ba ranar kasuwa ba, kuma mu bi ta bayan gari. Ta yarda ne, ina jin, don in ƙyale ta. Bilki ta bi mu a mota. Garba ya yi mana karamcin da ban manta ba, ya tura babur ɗin bayan shago inda katanga ta kare, ya sallami kowa, shi ma ya juya baya yana ta taɓa wani inji da ba abin da ya same shi. Ni da Bilki muka ɗaga ta muka zaunar. Na gyara mata ƙafar hagu a kan mataki, na ɗora hannun a kan madogari. Muna riƙe da ita, ni ta nan Bilki ta can. Ta dubi gaba, ta dubi gefe, ta jingina a hankali.

"Ku sake ni," ta ce.

Muka dubi juna.

"Na ce ku sake ni."

Muka saki. Ta zauna daram, ita kaɗai, bayanta a miƙe. Ta sa hannun dama ta gyara mayafinta, yadda take yi in za ta shiga gidan biki. Bilki ta juya tana share ido. Na hau gaba na tada shi, na zagaya filin nan sau uku a giya ta ɗaya, ina kaffa-kaffa saboda nauyin, don ban taɓa riƙe abu mai ƙarfinsa ba. Da na tsaya na tambaye ta yaya ta ji.

"Ba laifi," ta ce. "In a wannan ne, ina zuwa."

Ranar muka duba lambar inji da ta jikin takardu, suka yi daidai. Garba ya kira mai shi a waya, aka yi ta albarka da ƙari har ya sallama. Kuɗin bai kai yadda mutane suka riƙa yayatawa ba, amma ya fi abin da nake da shi. Gona ba ta sayuwa cikin mako guda, kuma ba na son taɓa ta. Abin da zai zama kuɗi a yini ɗaya shanu ne.

Lawal, ga inda na yi maka laifi. Na san in na gaya maka za ka tambayi dalili, dalilin kuma na yi alkawarin ɓoye shi. Na kuma san in ka dube ni ka ce Baba kada ka yi, ba zan iya ba. Sai na jira ranar da ka tafi gaisuwar rasuwa garin surukanka, na sa aka kora su kasuwa. Har yau ina tuna yadda jan da ke cikinsu ya riƙa tirjewa a bakin ƙofa yana waiwaye. Ka dawo da la'asar ka tarar da turke biyu babu komai, ga wani baƙin babur ya cika zaure. Ka tsaya a tsakar gida, ba ka ɗaga murya ba, ka ce,

"Baba, ina shanu?"

"Na sayar."

"Don wannan?"

"Don kai Innarku asibiti."

"Ai da ka faɗa mani. Ni sai in riƙa kai ta a mota, in ɗauke ta a hannuna. Damina saura wata biyu, Baba. Da mi zan yi huɗa? Da mi zan ci da iyalina?"

Tambaya ce mai kyau, ba ni da amsarta. Wanda ba shi da amsa kuwa, in uba ne, sai ya fake da girma. Na ce maka shanu nawa ne, ba sai na nemi izinin kowa ba. Ka dube ni, ka dubi ƙofar ɗakin Innarku, ka ce to, Allah ya sa alheri. Tana ciki tana jin komai, ba ta fito da maganar ba, ni ma ban fito da ita ba. Kuɗina ne ya saye su, amma wahalarka ce ta mai da su shanun huɗa, kuma na sayar da su a bayan idonka. Ban taɓa ce maka ka yafe mini ba. Ina cewa yanzu.

Daminar nan da hannu muka yi noma. Masu galmar shanu sai sun gama na waɗanda suka riga mu, kafin su zo kanmu shuka ta makara. Abin da muka girbe bai kai mu rani ba. Lawal ya yi aikin nan har ƙarshe bai yi ƙorafi ba, da aka ɗaure dawa ya kwashi matarsa da ɗansa ya tafi Kano neman aikin gini. Yana zuwa da salla, ya gaishe ni a tsugune yadda ya saba, ya shiga wurin Innarsa ya daɗe, ya fito ya wuce ta gefen babur ɗin kamar ba ya ganin sa. Shekara shida muna haka ni da shi, har bayan ba ta nan.

Ni kuwa na shiga abin da na saya. Litinin da Alhamis, mu fito da sassafe bayan ta karya, Bilki ta taimaka a ɗora ta, mu kama hanya. In je in zauna a benci a bakin ɗakin gashi in ji tana nishi a ciki, a fito da ita jiki duk ya mutu, mu juyo cikin rana. A gari aka sa mini suna Bature. In na wuce majalisa sai an yi shewa, wasu su ce fansho ya yi daɗi, wasu su ce tsufa ya zo da gardama. Duk abin da Garba ya faɗa sai da ya faru. Lokacin wahalar mai na sha tura shi a layi. Wani ƙaramin abu ya lalace a cikin kafireton injin, muka yi mako biyar muna jiran a kawo daga Kano, a makonnin nan na san darajarsa don ko sau ɗaya ba ta yarda ta hau wani abu ba. Sau ɗaya kuma ya kayar da mu, a yashin da ke kusa da Bauranya. A hankali ya kwanta, kamar saniya, Allah ya sa ta ɓarin dama ne. Na janye ta gefe na zaunar a gindin wata bishiyar bedi, na dawo na kama shi, na yi iya yina, ko motsi bai yi ba. Na zauna a ƙasa ina haki. Sai wasu Fulani biyu da ke kora shanu suka zo suka tada mana shi, wata mai tallan nono ta ba Innarku ruwa ta wanke fuska. Tun ranar gwiwata ta dama ba ta koma daidai ba. A hanyar dawowa na ce mata na gaji, Hajara, wallahi na gaji. Ta ce ta sani. Ran Alhamis kuma muka sake fita.

Abin da aka samu, an samu. Cikin shekara guda ta fara takawa da sanda. Ta koma yin alwala da kanta, wanda shi ne abin da ya fi damun ta tun farko. Bakin ya miƙe har in ba ka sani ba ba za ka gane ba. Hannun dai bai dawo ba, sai ɗan motsi a yatsu biyu. A kan babur ɗin nan ta je ɗaurin auren Bilki gidan kawunta, a kansa ta je gaisuwa da barka duk inda ake bin ta zumunci. Ta kan yi mini hira a hanya, abin da ba ta yi a gida, don a gida kullum da mutane. Labarin ƙuruciyarta a Bauranya, da wanda ya fara neman ta kafin ni, duk a bayan babur na ji su, rabi iska ta kwashe. Shekara uku da wani abu muka yi haka. Ciwon ya dawo mata a cikin damina ta huɗu, wannan karon bai ba mu lokacin zuwa ko'ina ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bayan rasuwarta na tura shi ƙuryar zaure na rufe. Gwiwa ba ta barin in hau, zuciya kuma ba ta barin in sayar, ko da yake ba wanda ya taya. Kaji suka riƙa kwana a ƙarƙashinsa.

Bara ne, da idona ya matsa, aka ce in je Kankia a duba. Lawal ya zo daga Kano don ya kai ni. Na ɗauka mota za mu shiga. Sai na ji yana waya da Garba, wanda yanzu shi ma furfura ta cika masa kai. Garba ya zo da batir da galan ɗin mai, suka yini a zaure su biyu, kafin la'asar na ji muryar nan ta tashi. Ban tambayi Lawal dalili ba, shi ma bai ce ba. Washegari da safe ya fito da shi ƙofar gida ya riƙe, ya ce in hau.

Duk shekarun nan ban taɓa zama a baya ba. Na hau da ƙyar, na jingina, muka tashi. Ba mu bar burji ba na fara jin wani abu yana tokare ni a ƙugu ta dama, ta cikin majinginin. Na gyara zama, bai bari ba. Duk ramin da muka faɗa sai ya soke ni kamar tsinin ƙusa. Na daure har muka wuce Kusada, sannan na taɓa kafaɗarsa na ce ya tsaya. Ya gangara gindin wata tsamiya. Na nuna masa wurin, ya latsa da yatsa ya ce ƙarfe ne a ciki. Ya duba ta ƙasa ya ce ai an taɓa farke fatar nan, ga ɗinki da baƙin zare, ɗinkin ma a karkace. Ya sa 'yar wuƙar makullinsa ya warware.

Soson ciki ya daɗe da cinyewa. Wani ƙarfe da ya karye, ina jin tun faɗuwar da muka yi a yashi, ya turo kai. A kansa an cusa tsummoki, an ninke su ƙanana ƙanana an jera, sun danne sun yi tauri saboda daɗewa. Lawal ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya yana warwarewa a kan tanki. Guntayen zannuwa ne da tsofaffin kallabi. Ya ɗaga wani shuɗi mai zanen ganye, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ni na sayo mata," ya ce. "Sallar farko da na zo daga Kano."

Daga baya Bilki ta gaya mana sauran. Ita ke sa mata zare a allura, Innarku kuma ta jira sai na tafi masallaci ko gona, ta ja sandarta zuwa zaure ta yi ɗinkin da hannu ɗaya, tana danne fatar da gwiwar hannun da ya mutu. In tsumman ya kwanta ta ƙara wani. Bilki ta ce ta sha ce mata a gaya wa Baba a kai a gyara, ta ce a'a, mutumin nan ya sayar da shanu ya rasa ɗa a kan abin nan, ba za ta ce masa yana da aibi ba.

Amma wannan daga baya ne. A gindin tsamiyar nan ba mu san komai ba sai abin da ke gabanmu. Motoci suna wucewa, mu biyu muna tsaye a kan tarin tsummoki. Can Lawal ya ninke su yadda ya same su, ya mayar ɗaya bayan ɗaya, ban da shuɗin, wanda ya sa a aljihun gaba. Wurin ya rage ba ya cika. Ya cire hularsa, sabuwa ce, ya ninka ta biyu ya cusa a kan ƙarfen, ya danna da tafin hannu ya ji, ya sake dannawa. Sannan ya hau ya riƙe kan babur ɗin da kyau, ya kafa ƙafafunsa a ƙasa.

"Hau, Baba," ya ce. "Kama kafaɗata. Kada mu rasa layi."

Na kama na hau. Ya tuƙa a hankali, yana kauce wa ramuka, kansa ba hula har Kankia.